Sarkin da Ya Sa A Yi Gwajin Jana'izarsa

Mai karatu, ka taɓa jin inda aka yi wa mai rai gwajin jana'iza? To gyara zama, don ni kaina ran da na ji labarin nan sai da na tofar da yawu.

A zamanin da, a wata ƙasa mai ganuwa da ƙofofi bakwai, an yi wani sarki ana ce masa Mantau. Ya ƙwace gonaki, ya ɗaure marasa laifi, har furfura ta cim masa. Ran nan Liman yana karatu a fada, sai ya zo kan cewa mamacin da Musulmi suka shaida da alheri ya sami Aljanna, wanda suka shaida da sharri kuwa sai wuta. Gaban Sarki ya faɗi, abinci ya daina shiga.

Waziri Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ma abin damuwa ne? Bakin talaka ai doki ne, inda aka ja linzami nan yake bi. Mu koya musu shaidar tun yanzu."

Aka yi shela. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai a fito da makara ba kowa ciki, an lulluɓe ta da alkyabbar Sarki. Waziri ya ɗaga murya, "Me kuka sani game da wannan bawan Allah?" Jama'a su amsa, "Alheri!" Dogarai na zagayawa da bulala suna neman bakin da bai motsa ba. Sarki kuwa yana leƙe daga bene yana murmushi. Tir!

A Juma'a ta huɗu aka jawo wani tsoho gaban Sarki, Baba Nomau mai wankan gawa, wai ya ƙi buɗe baki.

Sarki ya ce, "Tsoho, ka san hukuncinka?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Bulala ɗari, a shekaruna kuwa kabari ke nan. Amma na bar gawa a gida tana jiran sutura. Ina roƙon Sarki ya raka ta. In an rufe ta, ga bayana."

Waziri ya daka tsawa, "Kai, tsohon banza! Sarki ne zai bi gawar unguwa?"

Sarki ya lura muryar Waziri na rawa, sai ya ce a tafi.

Tun daga bakin lungu wari ya tare su. Sarki ya toshe hanci da hannun riga, ƙudaje na bin rawaninsa. Ya ce, "Subhanallahi! Gawar wa ke nan?"

Nomau ya ce, "Ilu majemi ne. Kurma ne, bai ji shela ba. Bulalar makon jiya ta kwantar da shi, ran Talata ya cika. Waziri ya sa aka jefa shi a rami bayan ganuwa, ba wanka ba salla, don kada labari ya iso fada. Ungulaye ne suka nuna mini shi. Jikin ma bai cuɗu ba, ruwa kawai na kwarara masa."

Aka yi masa salla, aka kai shi maƙabarta. Ba wanda ya tambayi kowa komai, sai wani makaho ya fashe da kuka, ya ce shekara tara Ilu ke cika masa randa. Wani falke ya ce Ilu ya taɓa bin sa tafiyar yini guda da ƙunshin fatun da ya mance. Maƙabarta ta ɗauki "Allah ya ji ƙansa", ba bulala ko ɗaya.

Nomau ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji tasa shaidar. Taka kuwa, ranar da ka mutu bulala ta mutu. Ko sun faɗa ma, akwai ranar da za a rufe baki, hannu da ƙafa su yi magana. Wane dogari ne zai doki hannunka ya ce alheri?" Sai ya tuɓe riga ya juya baya.

Sarki da kansa ya mayar masa da rigar. Ya dubi Waziri kamar wanda ya taka kashi, ya sa aka tuɓe masa rawani nan take, aka miƙa shi ga Alƙali kan jinin Ilu. Kashegari Sarki ya fita da ƙafa, gida gida, yana mayar da gonaki yana neman gafara, ya fara da dangin majemi. Wasu suka yafe. Wata tsohuwa da ɗanta ya mutu a kurkuku ta ce masa ta bayan zana, "Ban yafe ba, mu haɗu can." Sarki ya share hawaye, ya wuce gida na gaba.

Kai ma akwai wanda ka cuta, ka san sunansa, ka san ƙofar gidansa. Don Allah ajiye takardar nan, sa takalmi, je ka yi masa sallama tun kuna numfashi ku biyun.