Ranar da Ramatu Ta Miƙa wa Yayanta Burushi

Akwai wata baiwar Allah a wani gari da ake kira Turawa, sunanta Ramatu, ta shekara huɗu tana jinyar mahaifinta, Malam Sulle. Ciwon karkarwa ne ya kama shi. Hannun da ya shekara hamsin yana noman gyaɗa, yanzu ko asuwaki ba ya iya riƙewa.

Wanke masa baki shi ne babban aikinta kowace safiya. Muƙamuƙinsa kan ƙage. Ba ya iya kurkure baki ya tofar, ruwa kaɗan ke sa shi ya ƙware. Sai ta jingina shi da bango, ta yi ta lallashi, ta goge da ƙaramin burushi da ƙyalle mai laima. Duk da haka dasashinsa ya kumbura, bakin yana ɗan tashi.

Tana da wa, Falalu, mai kemis a Rogo Sabon Gari. Irin mutanen nan ne da ke leƙo iyayensu daga salla sai salla, su ɗauki hoto, su rubuta "Aljannata" a ƙasa.

Wata Juma'a ya zo, ya tarar da dangi zaune da tsohon a tsakar gida. Ko gaisuwa bai gama ba ya toshe hanci da hankici.

"Ke Ramatu, wannan wace irin ƙazanta ce? Goge baki ma sai an koya miki? Aikin minti biyu!"

Ramatu ta ga tsohon ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi zagin yi mata ciwo. Ta shiga ɗaki, ta fito da burushi da kofi.

"Yaya, bismilla. Koya mini."

Gogan naka ya naɗe hannun shadda. Ya tura burushi da ƙarfi, bakin ya ƙi buɗuwa. Ya cusa yatsa, haƙora suka datse shi har ya yi ƙara. Cikin fushi ya ɗura wa tsoho ruwa. Malam Sulle ya ƙware, idanunsa suka firfito.

Mai kemis ya ja da baya yana salati, yana duba ko rigarsa ta ɓaci.

Ramatu ce ta sunkuyar da uban, ta bubbuga bayansa har numfashi ya dawo. Ta shafa masa muƙamuƙi tana cewa, "Sannu Baba, ni ce." A hankali bakin ya buɗe.

Da ƙyar Malam Sulle ya haɗa kalmomi. "Allah ya yi miki albarka." Sannan ya dubi ɗansa. "Kai kuma, a sauka lafiya."

Falalu ya tada babur ɗinsa kafin la'asar, ba wanda ya raka shi ko zaure.

Darasi: Kada ka raina wahalar mai jinya alhali ko yini ɗaya ba ka taɓa karɓarsa ba. Mara lafiyar da bakinsa ke wari taimako yake nema, ba tozarci ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu zuwa dubiya da faɗa.