Talata ta Huɗu

Akwai wani mutum, ma'aikacin gidan yari, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana kulle ƙofa a bayan mutane. Sunansa Filibus. Da furfura ta fara fito masa, sai aka karɓi makullai daga hannunsa, aka ba shi tebur da benci da wani babban littafin rajista, aka ce daga yau shi ne mai lura da waɗanda aka yi wa ɗaurin talala. Kun san yadda ake ɗaure akuya da doguwar igiya, ta yi kiwo, ta sha iska, amma ba ta wuce inda igiyar ta tsaya ba. To, haka ake yi wa fursunan da ya nuna halin kirki. A sake shi ya koma gida, ya ƙarasa sauran wa'adinsa cikin 'yan'uwansa, bisa sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne, kowace Talata ya zo gaban Malam Filibus ya dangwala yatsa a rajista. In mutum ya yi Talata huɗu a jere bai zo ba, dole Malam ya rubuta wa alƙali, a je a kamo shi a mai da shi ciki, ya sake yin sauran wa'adin daga farko.

Cikin masu zuwa akwai wani manomi, Habila, daga wani ƙauye a hayin kogi. Faɗan iyakar gona ya kai shi gidan yari, don ya fasa wa maƙwabcinsa kai da ƙotar fartanya. An yanke masa shekara biyar, ya yi uku a ciki, saura biyu. Ba shi da kowa sai tsohuwarsa, Iya Rifkatu, wadda ta yi shekara ukun nan tana zaune a bakin zaure tana kallon hanya.

Habila ƙato ne, ba ya yawan magana, kuma bai iya taɓa abu a hankali ba. In ya zo dangwale, yakan danna yatsa da dukan ƙarfinsa har tawada ta fito a bayan takarda. Kullum Malam sai ya ce, "Habila, takardar gwamnati ce fa, ba gyaɗa kake shukawa ba." Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai," ya kuma yi haka nan Talata mai zuwa. Wata goma sha huɗu bai taɓa fashi ba. Malam ba zai faɗa ba ko an tambaye shi, amma in gari ya waye Talata, wannan ƙaton yake fara dubawa a kan benci.

Ana nan, a tsakiyar damina, aka kwana biyu ana ruwa, kogi ya kawo, ya tafi da gada. Talata ta zo, Habila bai zo ba. Malam bai damu ba, don kowa ya ji labarin gadar. Ya bar gurbin a buɗe, ya ce in ruwa ya janye zai zo.

Ruwa ya janye. Mutanen hayi suka fara ƙetarowa da ƙafa, suna cin kasuwa suna komawa. Talata ta biyu ta zo, masu dangwale suka dangwala suka watse, benci ya zama wayam. Malam ya zauna har la'asar, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ya ɗaga kai. Ya buɗe shafin Habila, ya bi jerin yatsun nan masu kauri da ido har ƙasa, inda gurbi biyu suke tsaye fari fat. Zuciyarsa ta yi nauyi. Ya kulle dubban mutane a rayuwarsa bai yi kewar ko ɗaya ba, ga shi yau yana kewar mutumin da ke ɓata masa takarda.

Da Talata ta uku ta wuce haka, sai Malam ya sa kakinsa, ya goge takalmi, ya hau babur ya bi ta doguwar hanya har ƙauyen. Tun daga nesa ya hango wani ƙato a gona ya ɗaga kai, ya ga kaki, ya yar da fartanya ya faɗa cikin dawa. Malam ya yi kira har muryarsa ta dishe, "Habila! Ni ne! Tsaya mana!" Ba amsa, sai motsin ganyen dawa yana nisa. A cikin gari kuwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce bai taɓa jin mai wannan suna ba, har da wanda aka fasa wa kai.

Ya iske Iya Rifkatu a bakin zaure. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Yallaɓai, ni ba na ƙarya, kuma ba zan ba da ɗana da hannuna ba. Ran da ruwa ya ci gada, a bakin kogi ya wuni yana kallon hayinku, har rana ta faɗi. Da ya dawo aka ce masa wanda ya yi fashi sau ɗaya, tasa ta ƙare. Tun ran nan a kan dutse yake kwana. Yana gida, amma ba ni da ɗa."

Malam ya ce, "Iya, wanda ya gaya masa haka bai san aikin ba. Da ya zo Talata ta biyu ya ce ruwa ne, da magana ta mutu a nan. Har yanzu da sauran Talata ɗaya. In ta wuce, hannuna ba zai iya tare masa komai ba."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, daga hular kaki har takalmi. Can ta ce, "Shekara biyu kuma a ciki, ba zai fito ya same ni ba." Ta share ido da bakin zane. "Ban gaya maka inda yake ba. Na dai ce ran Talata za a yi mini gayya a gonata. Kuma ba a zuwa gayya da irin waɗannan kaya."

Malam ya koma ya sami shugabansa, ya ce yana so ya fita da rajista ran Talata. Shugaban ya ce, "Filibus, ka tsufa a aikin nan. Su ne ke zuwa wurin littafi, littafi ba ya zuwa wurinsu. In ya fita daga ofishin nan, takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinka, kuma ka san bana ake duba ƙarin girma." Malam ya yi shekara tara yana jiran wannan ƙarin girma. Duk da haka ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. A rubuta a kaina."

Ran Talata da sassafe ya ninke kakinsa ya ajiye a kan gado. Ya sa wata tsohuwar riga da ta sha wanki, ya kifa malafa, ya naɗe rajista da ɗan akwatin tawada cikin leda ya zuba a buhu. Ya ari fartanya. Bai hau babur ba, ya ƙetare kogi da ƙafa, ruwa har gwiwa, buhu a ka.

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku yadda gayya take. Maza sukan jeru a bakin gona, kowa ya kama layinsa, a duƙa gaba ɗaya ana kiɗa ana kirari. Ba a tambayar baƙo daga ina, in dai ya zo da fartanya. Kuma akwai al'ada: wanda ya riga kai ƙarshen layinsa ba ya zama, sai ya duba wanda aka bari a baya, ya kama layinsa daga can ƙarshe, ya nomo har su haɗu.

Malam ya ajiye buhu a gindin wata ɗorawa, ya ja malafa ya rufe fuska, ya kama layin gefe. Can tsakiya ya hango ƙaton bayan da ya sani. Habila ya rame. Malam ya ji kamar ya kira sunansa, amma ya haɗiye, don ya riga ya ga abin da kira ya haifar.

Aka duƙa. To, hannun da ya saba da biro da makulli, ina shi ina fartanya? Kafin a yi nisa an bar shi a baya, samari suna ta tsiya, "Wa ya gayyato mana kakan nan? Baba, ciyawa kake nomewa ko gaisawa kuke yi?" Bayansa ya ƙage, tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ƙota ta jiƙe. Bai miƙe ba. Yana ta sara, yana addu'a a zuci kada wani ya riga Habila gamawa.

Ba wanda ya riga shi. Habila ya kai ƙarshe, ya juya, ya ga wani tsoho can baya shi kaɗai. Bai yi wani tunani ba, ya kama layin tsohon daga ƙarshe, ya duƙa, ya nomo. Malam yana jin saran fartanyar yana matsowa, yana matsowa, har ƙasar da Habila ke turowa ta fara zuba a kan ƙafarsa.

Habila ya ce, "Sannu, Baba, huta, na ƙarasa maka."

Malam ya miƙe da ƙyar, ya tura malafa baya. Ya ce, "Sannu, Habila. Yau Talata."

Fartanya ta faɗi. Kiɗa ya tsaya. Habila ya dubi dawa, ya dubi dutse, amma ƙafarsa ta ƙi, don ya gaji da gudu. Sai ya durƙusa cikin ƙasar da ya noma, ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannu biyu ya miƙa, yadda ake miƙawa a sa ankwa. Ya ce, "Yallaɓai, abu ɗaya nake roƙo. Kada a bi da ni ta gaban Iya."

Malam ya aika aka ɗauko buhu. Ya kwance leda, ya buɗe rajista a kan gwiwarsa. Ya dubi hannu biyun nan da ke gabansa, ya ce, "Me zan yi da hannu biyu? Yatsa ɗaya na zo nema." Ya kama babban yatsan, ya goge laka da bakin rigarsa, ya taɓa shi a tawada. A nan ne Habila ya ga tafin hannun Malam, duk ya sale yana jini, sai ya fashe da kuka irin na yaro. Ya danna yatsa a gurbi na huɗu, har tawada ta fito a bayan takarda. Wannan karon Malam bai yi masa faɗan takardar gwamnati ba.

Gurbi ukun da suka wuce kuwa, Malam bai ɓoye su ba. Ya rubuta gaskiya: na farko ruwa, na biyu da na uku tsoro. Ya sa hannunsa a kan kowanne. Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗinsa kamar yadda aka faɗa, ƙarin girma ya wuce shi. Amma a ran nan Habila ya ci tuwon gayya a tsakar gida, ya kwana a ɗakinsa, Iya Rifkatu kuma ta daina zaman bakin zaure.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Habila mu ne, ni da ku. An sake mu daga ɗaurin zunubi, ba don mun gama biyan abin da ya kamace mu ba, sai don alheri. Abin da ake nema gare mu shi ne mu riƙa zuwa gaban Ubangiji. Sai wata rana ruwa ya ci gada: ka faɗi cikin jaraba, ko ka yi sanyi, ka bar addu'a. Nan da nan Mugun yakan raɗa maka cewa taka ta ƙare. Ku lura da kyau, ruwa Talata ɗaya kaɗai ya ci wa Habila. Sauran biyun tsoro ne ya cinye su. Faɗuwa takan raba mu da Allah kwana ɗaya, amma gudu yakan raba mu da shi shekaru.

Malam Filibus kuwa hoto ne, ko da yake ƙarami, na Mai Cetonmu. Mun ji muryarsa cikin ɗaukaka, muka tsorata muka ɓuya. Sai ya tuɓe ɗaukakar ya ajiye, ya sa irin rigarmu, ya ƙetaro, ya shiga layi tare da mu, aka yi masa ba'a, hannuwansa suka yi jini. Bai ce laifinmu ba laifi ba ne. Ya rubuta shi yadda yake, ya sa hannu a kai, ya ɗauki abin da ya biyo baya.

Na san a cikinmu akwai wanda jikinsa ke kan bencin nan, amma zuciyarsa ta daɗe tana kwana a kan dutse. Akwai kuma gurbin da nake kallo kowace Lahadi, na mutanen da suka daina zuwa don suna tsammani an riga an rufe shafinsu. In kun gan su, ku gaya musu ba a rufe ba, ana kewarsu. Amma kada kowa ya yi wasa, gama akwai Talata ta huɗu, kuma ba wanda ya san wace ce tasa.

Kai da ka gaji da gudu, kana zuwa da hannu biyu a haɗe kana jiran ankwa, ɗaga kai ka dubi hannun wanda ke tsaye a gabanka. Ba kama ka ya zo yi ba. Ya zo ne ka kwana a gida.