Abin da ke Ƙarƙashin Baƙin Salatif

Masu ba da labari sun ce a garin Kurmin Gwanki an yi wani Sarkin Dawa, shugaban mafarauta, mai suna Jatau. Ya gaji sarauta wurin mahaifinsa, ya kuma gaji bindigarsa, wata tsohuwar harbi-ka-ruga da aka naɗe bututunta da baƙin salatif. Jatau ya ɗauka asirin gidansu ne a ƙarƙashin naɗin nan, don haka shekara biyar tana rataye, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Wata shekara ya rantse gaban jama'a cewa da ita zai yi harbin farko ranar buɗe daji. Ya aika ta wurin Barmo maƙeri a gyara kunamarta. Ana gobe buki, da hantsi, sai ga Barmo da bindiga tsirara, ya kware salatif kaf, saura baƙin danƙo manne da ƙarfe.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Barmo, "farcena ya ji tsaga a ƙarƙashin danƙon nan. Kada ka harba ta."

Jatau ya juya bindiga, bai ga komai ba sai danƙo. Ransa ya ɓaci. "Kunama na ce ka gyara! Wa ya aike ka tone asirin ubana? Gobe, bayan na harba ta, za ka bar garin nan da zugazuginka."

Barmo ya fita. A zauren kuwa akwai tsohuwar karyar farauta, Barsu, wadda ta bi uban Jatau daji tun haƙoranta na da kaifi. Ta ɗaga kai ta ce, "Sarki, ina tsoron ka yi irin ta Nomau mai gaggawa."

Jatau ya harare ta. "Me ya sami Nomau?"

Barsu ta ce: Nomau maharbi ne a Tudun Ƙirya. Ya sayi bindiga a kasuwa, naɗe da salatif, mai sayarwa yana rantsuwa wai ado ne. Ado! Ya kai ta wurin wani tsohon maƙeri, aka kware naɗin, danƙo ya rage. Maƙeri ya ce a zazzage albarushi, a shanya ta a rana danƙon ya yi laushi, a bi shi da man gyaɗa da tsumma har a ga fuskar ƙarfe. Nomau ya ce shi ba shi da lokacin shafa wa ƙarfe mai kamar jariri. Tsoho ya ce, "Ɗana, ashe ba ka ji labarin Makau magini ba." Nomau ya ce bai ji ba.

Tsoho ya ce, "Makau ya yi suna a gini. Wata rana ya ga gara ta cinye azarar ɗakinsa. Kunya ta hana shi faɗa, kada a ce gwani ya kasa tsare rufin kansa. Ya kwaɓa laka ya shafe wurin sumul, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma wani ɗaki, bai ce wa kowa uffan ba. Da ya rasu, ɗansa ya ce babu ɗakin da ya kai wannan albarka, ya tare a ciki. Ruwan farko na damina rufi ya rufto, ya karya masa ƙugu. Makau ya tsare sunansa, ɗansa kuma bai sake miƙewa ba. Wanda ya rufe ɓarna ya yi shiru, tarko ya ɗana wa na bayansa."

Barsu ta ci gaba: Nomau ya yi tsaki, ya ɗauki bindigarsa da danƙonta ya shiga daji. Harbin farko bututu ya tarwatse, ya tafi da yatsunsa uku. Yau da hagu yake cin tuwo, Sarki, kuma har yanzu bai daina zagin mutumin kasuwar nan ba.

Jatau ya buga ƙafa a ƙasa. "Ke, ubana kike haɗawa da macucin kasuwa?"

"Da magini nake haɗa shi," in ji Barsu. "Ina gefensa ranar da ya naɗe ta a gindin ƙirya, yana waige-waige kada yaran farautarsa su gani. Shekara huɗu ya yi bayan nan. A kafaɗa yake saɓa ta, ana yi masa kirari. Ka taɓa jin ƙararta?"

Jatau ya tuna duk ranar buɗe daji ubansa yakan miƙa masa ita ya riƙe, ya karɓi wata ya harba. Shi a lokacin girmamawa ya ɗauka.

Ya sa aka kawo man gyaɗa da tsumma. Ya tabbatar babu albarushi a cikinta, ya ajiye ta a rana, sannan ya zauna da kansa yana murzawa, yana huci. Danƙon yana narkewa yana baƙanta masa yatsu. Can wajen azahar ƙarfe ya fito fes, sai ga wani siririn layi kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, mai yana shigewa cikinsa. Daidai inda hannunsa na hagu zai riƙe gobe.

Ya daɗe yana kallon hannun nan. Haushi ya cika shi, ga kunya, ya rasa wanda zai yi wa faɗa, don mai laifin yana kabari, kuma ubansa ne.

"Allah ya gafarta maka, Baba," ya ce a hankali. "Da ma ka buɗe baki sau ɗaya ka faɗa."

Bai aika a kira Barmo ba. Shi ya tashi ya taka har maƙera, bindiga a hannu, Barsu tana ɗingishi a bayansa. Gaban mutane ya ce, "Barmo, na zalunce ka, ka yafe mini. Ka toshe bakinta yadda ba mai sake ɗura ta. Kada kuma ka rufe tsagar nan da komai. Haka za a rataye ta, jikokina su gani."

Iyakar abin da ya zo mana na labarin Jatau da bindigar ubansa ke nan.