Alƙalin Wasan da Aka Sace wa Suna

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Ni ma na hura usur shekara ashirin kafin gwiwa ta ajiye ni, kuma abin da zan faɗa muku a gaban idona ya faru. In na gama, ku za ku yanke hukunci.

Akwai wani alƙalin wasan ƙwallo a garinmu, Haladu Mairiga, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin an saye shi ba. Yana da aminai uku tun ƙuruciya. Sallau shi ne mai riƙe masa tuta a gefen fili. Tanimu akawu ne a ofishin haraji. Barau kuwa yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, inda kowa ke kai katinsa a yi masa kwafi.

Wata shekara ƙungiyar alƙalan wasa ta yankinmu ta ce sai an tantance kowa. A kawo katin ɗan ƙasa da lambar haraji, a bincika inda mutum ya taɓa aiki. Haladu ya miƙa nasa hankali kwance. Bayan mako biyu sakataren ƙungiya ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya ajiye masa takarda. Takardar ta nuna cewa Haladu Mairiga, mai wannan lambar kati, shi ya yi alƙalancin gasar Dutsen Gaude bara, garin da ke nesa da mu tafiyar awa huɗu. A wasan ƙarshe alƙalin ya karɓi cin hanci ya ba da fenariti na ƙarya, fili ya yamutse, aka tattake wani saurayi mai suna Lurwanu a bakin ƙofa har ya mutu, alƙali ya tsallake katanga ya ɓace. Kuma an biya shi ladan wasanni talatin da lambar harajinsa, bai bayyana ko ɗaya ga ofishin haraji ba.

Haladu ya rantse bai taɓa taka Dutsen Gaude ba. Sakatare ya ce, "Malam Haladu, ni takarda nake bi." Aka dakatar da shi, aka ce ya kai kansa wurin 'yan sanda ranar Litinin. Aka manna sanarwa a bango, wani ya ɗauke ta a waya, kafin kwana biyu sunansa da sunan unguwarsu sun isa Dutsen Gaude. Haladu ya daina fita ko masallaci. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya shige ƙuryar ɗaki. Matarsa Marka ta hana yara zuwa makaranta.

Ranar Asabar bayan azahar, motar a-kori-kura ta tsaya a bakin layi. Mutum wajen ashirin suka diro, da gorori da adduna da jarkar fetur. A gabansu akwai Ashafa, yayan marigayin, wanda yake kudu wurin neman abinci ranar da aka kashe ƙanensa. Duk cikinsu babu wanda ya ga fuskar alƙalin kusa da kusa, suna kawai suka zo da shi. Maƙwabta suka ja ƙofofinsu. Wani ya kira 'yan sanda aka ce masa mota ta fita. Haladu yana ƙuryar ɗaki da Marka da yara huɗu, yana jin ana tambayar wane gida ne nasa, kuma gidan ƙofa ɗaya gare shi.

Sallau yana zaure lokacin, ya zo duba amininsa. Da ya hango su sai ya ce wa Marka ta sa sakata daga ciki, shi kuma ya fita ya jingina bayansa da ƙofar, hannunsa babu ko tsinke. Ashafa ya ce ya kauce. Sallau ya ce, "Ɗan'uwa, an zalunce ku, ban musa ba. Amma akwai yara huɗu a bayan ƙofar nan. Ku ba ni zuwa la'asar." Aka sauke masa gora a hannu, muna ji ƙashin ya ce ƙas. Aka ƙara masa a fuska. Ya faɗi, ya ja jiki ya koma ya zauna a bakin ƙofar, jini ya rufe masa ido. Suka kwarara fetur a jikin ƙofar har ya jiƙe masa riga, mai ashana ya tsaya yana kallon Ashafa, Ashafa yana kallon mutumin da ya ƙi tashi. Haka suka yi ta ja har kusan awa guda. Idon nan na hagu Sallau bai ƙara gani da shi ba, kuma bai sake riƙe tuta ba.

Tanimu kuwa tun safe yana ofis, ranar da ba a aiki. Kwana huɗu yana roƙon shugabansa izinin buɗe fayil ɗin Haladu ana ce masa sai kotu ta nema. Ya san duk fayil ɗin da aka buɗe, kwamfuta tana rubuta sunan wanda ya buɗe. Ya buɗe. Ya ga ranakun wasannin da aka biya wancan alƙalin a Dutsen Gaude, ya jera su da ranakun da Haladu ya yi alƙalanci a filin garinmu. Tara daga ciki rana ɗaya ce, lokaci ɗaya, har da ranar da Lurwanu ya mutu. Ya buga takardar, ya hau babur ya kutsa cikin masu adduna yana ɗaga ta sama. Wani malamin makaranta da ke cikin mutanen Ashafa ya karɓa ya karanta da ƙarfi, hannuwa suka fara sauka. Ranar Litinin aka kori Tanimu daga aikin da ya yi shekara goma sha bakwai yana yi, saura kaɗan a gurfanar da shi.

Amma Ashafa bai gamsu ba. Ya ce, "Takarda ce ta ce shi ne, yanzu takarda ta ce ba shi ba ne. To wa ya kashe mini ƙane? Ba zan koma wurin uwarmu hannu rabbana ba." Ya karɓi ashanar da kansa.

Barau yana tsaye cikin 'yan kallo a can bayan layi, kuma duk duniya babu wanda ya san abin da ya sani. Shekara biyu kafin nan, wani korarren alƙali mai suna Jibo ya zo shagonsa da kuɗi, Barau ya sayar masa da kwafin katin Haladu da lambar harajinsa, har ya liƙa hoton Jibo a kai. Da ya yi shiru ya koma shago, da har yau ba a sani ba. Sai ya ratso mutane, ya durƙusa gaban Ashafa ya ce, "Ni na sayar da sunan. Mutumin da kuke nema Jibo ne, kuma na san gidan da yake ɓoye." Suka bar ƙofar Haladu suka rufe shi da duka. Isowar 'yan sanda ce ta ƙwace shi, haƙarƙari uku a karye. Ya kai su har ɗakin Jibo, mutanen Dutsen Gaude da suka kalli wasan suka shaida shi ne. Barau ya yi shekara biyu a kurkuku, shagonsa ya mutu.

To ku duba. Da Sallau ya kauce daga ƙofa, da Tanimu ya iso ya tarar da toka. Da Tanimu bai kawo takarda ba, da an ce Barau ƙarya ya shirya don ya ceci abokinsa. Da Barau bai buɗe baki ba, da an ƙyasta ashanar, Sallau na zaune cikin fetur. Sai dai kuma shi Barau ɗin ne ya fara sayar da amininsa, ko da yake shi kaɗai ne a cikinsu da ba wanda zai zarge shi in ya yi shiru.

An wanke Haladu, an mayar masa da usur ɗinsa. Bayan shekara uku Marka ta haifi ɗa namiji, Haladu ya ce sunan ɗaya daga cikin mutum ukun nan zai sa wa yaron. Aka kwana shida bai iya zaɓa ba. Ranar suna liman ya zauna, an raba goro, rago na ɗaure, su uku suna zaune a tabarma ɗaya: mai ido ɗaya, da wanda ya rasa aiki, da wanda ya fito daga kurkuku. Liman ya karkato kunnensa ya ce, "Malam Haladu, muna jiranka."

To, ku da kuke zaune a nan, sunan wa ya kamata Haladu ya raɗa wa liman?