Ranar da Hannun Nomau Maɗori Ya Yi Rawa

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, wani bawan Allah maɗori, ana ce masa Nomau. Ɗori gadon gidansu ne tun kaka da kakanni, kuma dokar gidan ita ce ba a koya wa bare. To, 'ya'yansa duk sun bi fatauci, babu wanda ya zauna ya koya. Tsufa ya zo, hannunsa ya fara rawa.

Ku saurara, jama'a.

Wata ranar kasuwa sai ga wani saurayi baƙo, Cindo, an taya shi ɗauko wansa a kan ƙyaure. Wan nasa ne ya faɗo daga giginya, cinya ta karye. Nomau ya kama ƙafar, hannu ya ƙi. Ya sake kamawa, hannu ya ƙi. Mutum yana ihu, cinya tana ta kumbura.

Sai Nomau ya dubi Cindo ya ce, "Ɗana, wanke hannunka ka matso."

Korau, wan Nomau, shi ne babba a gidan, ya miƙe a bakin zaure. "Nomau! Ka buɗe wa bare sirrin gidanmu, ba ni ba kai!"

Korau ne ya reni Nomau, Nomau kuwa bai taɓa musa masa ba sai ranar.

"Yaya, ka yi mini aikin gafara. In na yi shiru, wannan bawan Allah ya gurgunce ke nan."

Ya ɗora tafinsa a kan na Cindo. "Lalubo bakin ƙashin. Ka ji shi? To ja. Ja! Kada ka saki!"

Gumi yana zuba, Cindo yana ja. Sai ƙas! Ƙashi ya koma mazauninsa. Suka jera kara, suka ɗaure.

Korau ya kaɗa riga ya fita. Shekara uku ba ya amsa sallamar ƙanensa, Nomau kuwa kullum sai ya je gaishe shi. Majinyacin ya taka da ƙafarsa. Cindo ya zauna ya koya, ya koya wa wasu.

Ilimin da aka ɓoye, kabari ne magajinsa. Kai maƙeri, ke mai saƙa, kai mai sanin itatuwan magani, wa ka zaunar ka koya wa? Ku kuma samari, tsofaffin nan ba za su jira ku ba. Ku je yau. Allah ya sa mu dace.