Ranar da Aka Shanye Irin Baba

Akwai wani tsoho manomi wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Abin da mahaifiyarsa ta faɗa masa kawai shi ne, an haife shi ana cin tumu. Don haka kowace shekara idan gero ya nuna, sai 'ya'yansa su taho daga birane su yi masa biki.

Gidan yana da al'ada. Bayan an ci an sha, sai tsohon ya sa a sauko da damin iri da ke rataye a rufin ɗakinsa, wani gero mai saurin nuna da ya gada a wurin mahaifinsa. Yakan miƙa wa kowane ɗa zangarniya guda, ya ɗora masa hannu a ka, ya sa masa albarka. Daga abin da ya rage kuwa, sai ya ɗiba ya raba wa duk wanda ya zo gaisuwa.

'Ya'yan sukan karɓa da hannu biyu, su ce, "Mun gode, Baba." Amma fa ba a kai birni sai sun yar da ita, kajin hanya sun gode musu su ma.

Wata shekara ƙafafun tsohon suka gaza, bai yi shuka ba. Ragowar damin bara ne kaɗai ya saura. A shekarar ce kuma 'ya'yan suka ce za su yi bikin da ba a taɓa gani ba. Aka kafa rumfa, aka yi anko, aka yanka sa. Jama'a ta yi yawa har kunu ya kasa. Sai babban ɗan ya ce wa masu girki, "Akwai wani tsohon dami a ɗakin Baba, duk hayaƙi ya baƙanta shi. Ku ɗauko. Gobe na saya masa buhu guda." Aka sussuka, aka niƙa, aka dama, aka shanye.

Da yamma ta yi, tsohon ya ce, "Ku sauko mini da damina."

Babban ɗan ya durƙusa ya faɗi abin da ya faru.

Tsohon ya ce, "To, a cikinku wa ya taɓa shuka tasa zangarniyar?"

Ba wanda ya ɗaga kai.

Ya ce, "Ashe a hannuna irin ubana zai ƙare." Hawaye suka zubo masa.

Sai wata tsohuwa gwauruwa da ke cikin baƙi ta miƙe, ta fita. Wani maƙwabci ya bi ta, wani ma ya tashi, har rumfa ta zama wayam. 'Ya'yan suka ce shi ke nan, gari ya juya musu baya.

Rana tana gab da faɗuwa sai ga gwauruwar tafe da dami a ka. Ta sauke a gaban tsohon ta ce, "Baba, shekarar da maigidana ya rasu ka ba ni zangarniya. Da ita na ciyar da marayuna. Ga jikokinta."

Kafin ta rufe baki, sai ga mutane sun jero tun daga bakin hanya, maza da mata, kowa da dami a kansa, kowa kuma yana faɗin shekarar da tsohon ya ba shi zangarniya. Suka yi ta tarawa har tulin ya fi rumfar tsayi. Tsohon ya zari zangarniya ɗaya, ya murje ta a tafinsa, ya tauna ƙwaya.

Ya ce, "Shi ne." Ya tuɓe hularsa, ya ɗaga hannuwansa sama. Tsoron Allah ya kama duk wanda ke wurin, har masu kiɗa suka ajiye gangunansu.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Irin nan shi ne bangaskiya da albarkar da iyayenmu suke miƙa mana. 'Ya'yan mu ne. Mun iya ɗinka anko, mun iya yanka sa, amma maganar da tsohon yake faɗa mana kowace shekara muna barin ta a hanya. Gwauruwar ita ce mai ji ya shuka. Ku lura kuma da aikin Ubangiji, wanda ni har yau yake ba ni mamaki: abin da tsohon ya rataye a ɗaki ya ƙare a tukunya ɗaya, abin da ya bayar kuwa ya cika gari, shi bai ma sani ba. Gaskiya ne, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka idan kun je gaida tsoffinku, ku kai musu nama, ba laifi. Amma ku zauna a ƙasa ku karɓi abin da ke hannunsu, ku je ku shuka. A ranar nan tsohon ya sake miƙa wa babban ɗansa zangarniya. Ba kowa ba ne ake miƙa wa sau biyu.