Injin Ƙyanƙyasar Surukinsa

Akwai wani injiniya da abokan aikinsa ke kira Gwani. Ya iya aiki, matsalar ita ce shi ma ya sani. Kamfaninsu na haɗa ƙananan kwamfutocin da ke kula da ɗumin injin ƙyanƙyasar ƙwai, shi kuwa ɓangaren manhajar da ke nuna bayanai a allo yake rubutawa.

Idan aka kunna irin wannan na'ura, zuciyar manhajarta, wato kanel, bi da bi take tashin sassanta: ma'ajiya, agogo, hanyoyin saƙo, sannan na'urar auna zafi. Allo ne na ƙarshe. Wata dattijuwar injiniya da kowa ke kira Anti ce ta tsara jerin, har ta rubuta a samansa cewa kada a taɓa.

Abin yana ci wa Gwani rai. Daƙiƙa shida allo na baƙi kafin aikinsa ya bayyana! Sai ya ɗauko nasa ya kai sahun farko, bai gwada ba, bai gaya wa kowa ba. Ya tafi gonar surukinsa da safe don ya burge shi, ya ɗora sabuwar manhajar a injin da ke ɗauke da ƙwai dubu huɗu, saura kwana uku su fashe.

Ya kunna. Shiru. Allon ya nemi hanyar saƙo, ita kuwa ba ta tashi ba, sai komai ya cije. Fankar da ke hura ɗumi ta tsaya, ɗumi ya fara sauka.

Surukin ya dafa ƙofar injin ya ce, "Minti nawa, ɗana?"

"Yanzun nan, Baba."

Rabin awa ta wuce yana ta gumi, kunya ta hana shi neman taimako. Da tsohon ya fara lulluɓe injin da barguna, sai Gwani ya kira Anti.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Mayar da naka ƙarshe. Ba raini ya sa yake can ba, a kafaɗar sauran yake tsaye."

Sake haɗa manhajar ya ci wata awa guda. Da ya kunna, allon ya yi baƙi daƙiƙa shida, Gwani na addu'a, sannan fanka ta juya.

Ranar ƙyanƙyasa, ƙwai ɗari tara ba su fashe ba. Bokiti kawai surukin ya miƙa wa Gwani, ya tsaya yana kallonsa har ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Darasi: Kafin ka ture wanda ke gabanka a layi, bincika ko shi ke riƙe da kai. Ku tura wa duk mai gaggawar a gan shi.